Minti Goma Sha Tara na Muryar Inna

Malama Maimu, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa wasiƙar nan a ƙasan tari, domin abin da ya rage mini bai wuce sati biyu ba. Shekara talatin da tara na yi ina ba mutane amsa, yau ga ni ina rubuto wa filinki kamar yarinyar da saurayi ya daina yi wa magana. Kada ki buga sunana. Tsofaffin abokan aikina suna karanta jaridarku, na san wasu za su gane ni tun daga layi na uku, amma dai a bar ni da wannan ɗan mayafin.

Na yi aikina duka a cibiyar harshe ta ƙasa a nan Tallinn, a sashen ƙamus, kuma shekaru da yawa ina cikin masu zama a kan tarhon da jama'a ke bugowa su tambayi yadda ake faɗin abu daidai. Sakatarori, 'yan jarida, wani mutum da ke son raɗa wa kwalekwalensa suna, mata da miji da suka yi musu a kan kalma ɗaya har abinci ya huce, duk na raba musu gardama. Ina son aikin, ba zan yi miki ƙarya ba. Ina son a ce ni ce na sani. Wannan halin ne ya kai ni inda nake, kuma tun ina 'yar shekara goma sha shida ya fara.

Mu 'yan kudu ne, wani ƙaramin ƙauye a yankin Võru. Mahaifinmu ya rasu da wuri, aka bar Inna da ni da yayana Valdek. Inna tana tatsar shanu a gonar haɗaka, kuma duk ƙauyen ba wanda ya kai ta baki. Ranar Asabar idan mata suka taru a sauna ta hayaƙi, wato ɗakin wankan turiri, muryarta ake jiyowa tun daga rijiya, tana kwaikwayon shugaban gona, tana kwaikwayon fasto, mata suna dariya har da tari. Da maganar gida take yin duk wannan, irin tamu ta kudu. Harshen littafi kuwa tana jin sa a rediyo, tana iya lallaɓa shi a gaban likita, shi ke nan.

Ni kuma a makaranta ni ce ta ɗaya. A ajinmu idan maganar gida ta suɓuce wa yaro, malama ta kan sa shi ya tashi ya maimaita da harshen littafi, sauran suna ƙunshe dariya. Sau ɗaya aka yi mini haka, na rantse ba za a ƙara ba. Har na ci gasar rubutu ta gunduma. Kaina ya kumbura, na fara jin kunyar bakin Inna.

A bazarar 1976 aka aiko daga ofishin ƙauye cewa ranar Alhamis malamai daga Tallinn za su zo da na'ura su ɗauki maganar Inna. Yanzu na san yadda abin yake: masu tattara karin harshe su kan tambaya wa ya fi iya zance a wurin, kowa kuwa Inna ya nuna. A lokacin ban san haka ba. Na ɗauka jarrabawa ce, ko kuma za a kai muryarta birni a kunna wa masu tabarau su yi mana dariya. Sai na ɗaura ɗamara. Kwana uku ina zaune a gabanta tana feren dankali ina koya mata magana. Da farko dariya ta yi, ta ce, “Ke Auta, shanuna ba su taɓa cewa ba su gane ni ba.” Da ta ga na fara kuka, sai ta ajiye wuƙar ta ce, “To, tunda ke kika san mutanen birni, koya mini.” Ta riƙa maimaita abin da nake faɗa, mace mai shekara arba'in da tara, hannunta duk ya yi kanta saboda aiki.

Ranar Alhamis na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, na sa ta saka rigar da take zuwa jana'iza da ita. Suka zo su uku, mata biyu da namiji ɗaya mai ɗauke da rikoda. Babbarsu, Malama Aime, da takalmin roba da ɗankwali ta zo, har na ji haushi a raina, wai malama guda. Ta yanki baƙin burodinmu ta ci ta yaba, ta ce wa Inna, “Iya, ki yi mana magana yadda kike yi da maƙwabtanki, abin da ya kawo mu ke nan.” Sau biyu ta faɗa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa na ce a raina, tarko ne, na harari Inna.

Suka tambaye ta yadda ake hura sauna da yadda ake kwaɓa burodi, abubuwan da za ta iya kwana tana bayani. Ta fara da harshen littafi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai tafiya a kan ƙanƙara. Idan ta ɗan saki jiki bakinta ya koma gida, idanun Malama Aime su yi haske, sai ni kuma in ce daga bakin ƙofa, “Inna, ba haka ake cewa ba.” Sau huɗu na faɗa. Na ƙirga daga baya. A na huɗun Inna ta goge tebur da tafin hannu alhali ba komai a kai, ta ce, “Ku tambaye ta, ita ce ta yi makaranta.” Daga nan sai “i” da “a'a”. Suka yi godiya, suka naɗe kayansu, suka haura gidan maƙwabciyarmu Iya Hilja. Kwana uku suka yi a can. Ni kuwa ranar na kwanta da murna, wai na fitar da mu kunya.

Yaya Valdek bai ga komai ba. Yana bayan rumbu yana wasa lauje, lokacin yankan ciyawa ne. Inna ba ta taɓa gaya masa ba, ni ma ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Abin da ta yi ya fi faɗa ciwo. Tun daga ranar, idan za ta yi magana da ni, da harshen littafi take yi, gajeru-gajeru, tana duban fuskata ko ta yi daidai. Idan na dawo hutu daga jami'a, ina daga zaure sai in jiyo ta a kicin tana zuba da Valdek, yana dariya yana bugun tebur. Ina buɗe ƙofa sai ta gyara zama ta ce, “Sannu da zuwa, ya hanya?” Da fari har daɗi nake ji, ina cewa na waye da ita. Kai, yarinta!

Sai a shekarata ta biyu a jami'a na fahimci aikin masu tattara karin harshe, ina cikin aji na gane ɓarnar da na yi. Da na gama kuma, ki ji ikon Allah, cibiyar da ta aiko mutanen nan ita ta ɗauke ni aiki. A makon farko aka zagaya da ni ɗakin da ake adana 'yan katunan kalmomi, durowa bayan durowa, kowane kati da kalma ɗaya da sunan ƙauye da sunan wanda ya faɗe ta. Na jawo na ƙauyenmu. Hilja, Hilja, Hilja, ɗaruruwa. Rabin maganganun nan na san bakin da suka fito, na Inna ne, a sauna Hilja ta ji su. Sunan Inna babu ko a kati ɗaya. Malama Aime tana nan a lokacin, ta gane ni sarai, amma ba ta taɓa kunyata ni ba. Wata rana wajen shan shayi kawai ta ce, “Ya Innarki? Na so in koma wajenta, Allah bai yi ba.” Na ce tana lafiya, na ƙura wa kofina ido.

Za ki ce me ya hana ni gyarawa, tunda ga rikoda a ofis, ga Inna da ranta. Na gwada, sau ɗaya, a 1988. Na ɗauko rikodar na kai gida na ɗora a tebur, na ce, “Inna, ki ba ni labarin sauna, yadda kike ba su Iya Hilja.” Ta dubi na'urar, ta dube ni, ta ce da harshen littafi mai tsabta, wanda ba ni da abin gyarawa a ciki, “Mayar musu da kayansu, Auta. Ni ban iya ba.” Da na ce mata ki yafe mini a lokacin, wataƙila da ta buɗe baki. Ban ce ba. Na ce to, wata rana. A hunturun 1991 ta rasu.

Faifan da suka ɗauka ranar Alhamis ɗin nan yana nan lafiya. Shekarun baya da aka mayar da tsofaffin faifai cikin kwamfuta, wata abokiyar aikina ta ga sunan ƙauyenmu da sunan gidanmu, ta kawo mini kwafi da murnarta. Na saurara sau ɗaya, lokacin cin abincin rana, na kulle ofis. Minti goma sha tara ne. Ban san matar da ke magana a ciki ba, wata baƙuwa ce mai in'ina, mai tsoro. Muryar da na gane tawa ce, siririya, mai iyayi, tana fitowa daga bakin ƙofa. In ban da wasu 'yan daƙiƙu a ƙarshe, goma sha ɗaya, da akuyarmu ta shiga kabeji kafin a kashe na'urar, Inna ta manta da baƙi ta leƙa taga ta zage ta tas, ta ƙwala wa Valdek kira da sunan da take kiransa a gida ya zo ya kore ta, babu komai na Inna a ciki. Na jefa kwafin a gwangwanin maɓallai, yana nan har yau.

Shi kuwa Valdek duk rayuwarsa yana alfahari da faifan nan. A wajen biki, a shagon ƙauye, sai ya ce, “Mu muryar Innarmu tana Tallinn a akwatin gwamnati, ku taku fa?” Jefi-jefi ya kan tambaye ni, in ce zan duba. Shi ba mai takura mutum ba ne. Malama Ƙamus yake kirana, ya ce idan na yi atishawa ma sai na duba ko na yi daidai.

A watan Maris ɓarin jikinsa ya shanye. Yanzu yana gidan jinya a Võru, hannun dama ya mutu. Magana ta dawo masa, amma ta gida kaɗai, harshen littafi ya tafi kamar bai taɓa shiga aji ba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar arewa da ba ta gane rabin abin da yake faɗa, yana tsokanarta ya ce a kawo mata tafinta, a ƙasarta. Ni ina gane komai, amma idan na buɗe baki in amsa da maganar gida sai harshena ya ƙi, shekara hamsin ban yi ba. Sai in amsa masa da harshen tarho.

Makon jiya na je. Ya riƙe hannuna da hagunsa ya ce, “Malama Ƙamus, shekara arba'in kina kwance a kan muryar Inna kamar kaza a kan ƙwai. Kawo mini ita mana, kafin in je in ji ta da kaina.” Malama Maimu, kin san abin da na ce? Na ce faifan ya lalace, laima ta cinye shi tun tuni. Haka kawai ƙaryar ta fito, sumul, ba ko tuntuɓe. Ya saki hannuna, ya juya fuska wajen taga, ya ce, “To.” A motar dawowa na yi kuka tun daga Võru har Tartu, wata yarinya da ke kusa da ni ta miƙo mini hankici.

Ga inda wuƙar take. 'Yarsa Kadri tana wurin. Ta raka ni bakin ƙofa ta ce, “Gwaggo, kar ki damu, zan rubuta wa cibiyar da kaina, wataƙila akwai kwafi a wani wuri. Bari dai bikin tsakiyar bazara ya wuce.” Saura sati biyu ke nan. Na san mutanen, ni na koya wa wasunsu aiki, ba sa wasa da wasiƙa. Za su nemo mata, ta kai wa ubanta da murna ta kunna, ya ji Innarsa tana in'ina, ya ji wadda ta sa ta, ya kuma gane na dubi idonsa a gadon jinya na yi masa ƙarya.

Na yi tunanin in kira Kadri in ce ta bari, ni zan nema, in yi ta jan ƙafa. Kin san abin da jan ƙafar ke jira, ni ma na sani, kuma na tsani kaina da tunanin. Na yi tunanin in yanke muryata daga cikin faifan, na iya, aikin rabin awa ne, in kai masa sauran. Na yi tunanin in faɗi gaskiya, amma likita ya ce a guji abin da zai tayar masa da hankali, kuma shi kaɗai ya rage mini a duniya wanda ya san ni tun ina yawo ba takalmi. Idan ya juya mini fuska wajen taga har ƙarshe, ban san yadda zan yi ba. Na rasa Inna tun tana raye, ba na son in rasa shi haka. Ki gaya mini abin da zan yi, ko da zagina za ki fara yi.

Taki cikin nadama,
Mai Jan Biro, Tallinn

*

'Yar'uwa Mai Jan Biro,

Ba zan zage ki ba, kin riga kin yi wa kanki wanda ya isa. Amma tunda ke mai son a faɗi abu daidai ce, bari in raba miki laifin nan gida biyu, domin kin haɗa su kin yi dami ɗaya, shi ya sa ya fi ƙarfinki.

Yarinyar da ta tsaya a bakin ƙofa a 1976 ba muguwa ba ce. An tsayar da ita a gaban aji an yi mata dariya, sai ta yi ƙoƙarin kare mahaifiyarta daga irin wannan dariyar da abin da ta sani. Ta yi ɓarna, babba ma, ba zan rage miki ita ba. Amma shekararta goma sha shida, kuma ba ita ta ƙirƙiro kunyar ba, koya mata aka yi, kamar yadda aka koya wa dubban yara a kudu da tsibirai. Wannan yarinyar ki sake ta. Wadda nake da magana da ita ita ce mace mai shekara sittin da biyar da ta ce wa yayanta laima ta cinye faifai. Wannan makon jiya aka yi, kuma shi ne kaɗai a cikin labarinki da har yanzu hannunki ke kaiwa. Ki kuma tuna kin ɗora wa abokan aikinki sakacin da ba su yi ba, mutanen da suka riƙe miki muryar nan lafiya kusan shekara hamsin.

Jan ƙafa ba shawara ba ce, ke da kanki kin san abin da yake jira, ajalin yayanki. Yanke faifan kuwa, na ga abin da ya ja ki gare shi, kuma ba son kai ne zalla ba: mutum yana jinya, kina son ki ba shi daɗi ba ɗaci. To amma zauna ki saurari abin da zai rage a zuciyarki. Idan kika cire muryarki, kin bar Inna ita kaɗai tana tuntuɓe ba dalili. Valdek zai ji macen da ta fi kowa baki a ƙauye ta zama mai in'ina a gaban baƙi, ya ɗauka tsoron 'yan birni ne ya kama ta. Kin sake sa ta ɗauki kunyar da ba tata ba, karo na biyu, kuma wannan karon da hankalinki. Muryar nan mai iyayi ita ce shaidar da ke wanke mahaifiyarki. Ki bar ta a inda take.

Maganar likita gaskiya ce, kada ki yi wasa da ita. Ki kira likitan ko babbar ma'aikaciyar jinya, ki ce akwai zance mai nauyi na iyali da kike son yi da yayanki, wane lokaci ya fi, kuma wa ya kamata ya kasance kusa. Idan suka ce a jinkirta kwana biyu, ki jinkirta kwana biyu. Sai dai ki lura, hankalinsa ya riga ya tashi. Mutumin da ya juya fuska wajen taga ya ce “to” ba a kwance yake ba, kin ɗauke masa abin da yake jira. Kafin wannan duka ki kira Kadri yau, ba gobe ba. Ki gaya mata kwafin yana gwangwanin maɓallanki, ki gaya mata abin da ke ciki. Za ta yi mamaki, wataƙila ta yi fushi na yini ɗaya. Gara ta ji daga bakinki, kuma za ki buƙaci wanda zai mayar da ke gida.

Idan kin je, kada ki fara da kunna komai. Ki zauna ta ɓangaren hannunsa mai rai, ki ce kin yi masa ƙarya, sannan ki ba shi labarin ranar Alhamis ɗin yadda kika ba ni, har da “sau huɗu”. Kada ki yi masa lacca a kan yadda makarantu suke a lokacin, ya fi ki sani, shi ma ya zauna a ajin. Ki nemi gafara a gajarce, ki yi shiru. Ba zan yi miki alkawarin zai yafe nan take ba, ban san shi ba. Amma ina da wani zato. Kin ce malaman nan sun bar gidanku bayan minti goma sha tara sun yi kwana uku a gidan Iya Hilja, a ƙauyen da mata ke haɗuwa a sauna kowace Asabar. Kin ce shekara goma sha biyar yana zaune a kicin yana ganin Inna tana canza baki da kin shigo. Anya mutumin da ya raɗa miki Malama Ƙamus bai san komai ba? Ta yiwu abin da yake jira a wajenki ya fi faifan.

Yanzu ga inda na so in ja miki kunne da gaske. Kin rubuta mini shafi uku a kan minti goma sha tara, kin wuce daƙiƙa goma sha ɗaya a cikin jimla ɗaya, kamar shara. Haba, 'yar'uwa. Kakata da ta raine ni 'yar tsibiri ce, ta rasu ba wanda ya ɗauki muryarta, ko tari ɗaya ba ni da shi, kuma shekarun nan na fara manta yadda take kiran sunana. Ke kina da Innarku da ainihin bakinta, tana zagin akuya, tana ƙwala wa ɗanta kira da sunan da ba wanda ya ƙara kiransa da shi tun 1991. Wannan kiran nasa ne, ba naki ba. Yana bayan rumbu da lauje aka yi shi, kuma kin riƙe masa shi a cikin maɓallai. Bayan kin gama faɗin gaskiya, ki tambaye shi wanne yake son ji da farko, ki bar shi ya zaɓa. Idan ya ce a maimaita na akuyar sau ashirin, ki maimaita.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi wuya. Kin ce babu sunan Inna ko a kati ɗaya. To labaran da ta riƙa zubawa a kicin idan ba ki nan, wa ya ji su? Yana kwance a Võru, kuma ciwo ya ɗauke masa komai ya bar masa bakin Inna. Ke kuma kin san aikin nan ciki da bai. Idan ya yarda, kuma jikinsa ya ba da hali, ki ajiye waya a kan bargo tana ɗaukar muryarsa, ki tambaye shi yadda ake hura sauna da yadda Inna ke kwaikwayon shugaban gona. Daga baya ki tuntuɓi tsofaffin abokan aikinki ko za su karɓa, da sunansa da na wadda ya ji a wajenta. Amma da maganar gida za ki tambaye shi. Na san harshenki zai ƙi, za ki yi in'ina, za ki ji kunya a gaban ma'aikaciyar jinya, za ki ɗanɗana kaɗan daga abin da Inna ta ɗanɗana a gaban farin ƙyallen nan. Ki daure. Kuma na tabbata ba za ki kai jimla uku ba zai ce miki, “Auta, ba haka ake cewa ba.” Idan ya faɗa, kada ki yi musu, ki maimaita yadda ya ce.

Allah ya ba Yaya Valdek sauƙi, ya jiƙan Inna, ya ba ki ƙarfin zuciyar hawa motar Võru a wannan makon. Ina yi muku fatan alheri, ke da shi da Kadri.

Maimu